Bursin ɗalibbai: tun daga takardar haihuwa ake faɗuwa

Duk shekara da sakamakon BAC ya fito, hankalin iyaye yana komawa kan hukumar ANAB, wadda ke raba bursi da tallafin jin ƙai ga ɗalibban jami'o'in Nijar. Abin da aka fi ji a rediyo shi ne bashin bursi da ke taruwa, da yajin karatu na ƙungiyar USN a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Kuka ne mai hujja. Amma a ganina akwai wani ɗalibin da ba a jin muryarsa, wanda sunansa bai ma kai ga shiga jerin masu jiran kuɗin ba.

Neman bursi dosiye ne: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar cin BAC da takardar maki, kowace da kofi mai hatimin hukuma. Ana duba makin ɗalibi, ana kuma duba shekarunsa. Ga ɗan ma'aikaci a birni wannan aikin kwana kaɗan ne. Ɗan manomi kuwa sai ya yi kuɗin mota zuwa kotu, ya sayi tambur, ya kwana gidan dangi, galibi a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Mu malamai mun san inda matsalar take farawa. Yara da yawa a karkara suna shiga aji ɗaya ba su da takardar haihuwa. Sai jarrabawa ta matso a ruga a yi ta gaban alƙali, shekaru a kintata, suna a rubuta yadda kunne ya ji. Mahamadu a wannan takarda, Mamman a waccan. Bayan wasu shekaru wannan ɗan kuskuren ne zai maido da dosiye baya, ko ya nuna yaro ya wuce shekarun da aka ƙayyade.

Wasu na cewa a kwaikwayi Najeriya, wadda ta buɗe asusun rancen ɗalibbai na NELFUND a 2024, rance marar ruwa da ake fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. To can ma sai da lambar NIN, da BVN ta banki, da ta JAMB. Ko kyauta ko rance, wanda takardunsa ba su daidaita ba a bakin ƙofa zai tsaya.

Gyaran bai kai tsadar biyan bashin bursi ba. A riƙa kai zaman alƙalai na yin takardun haihuwa makarantun karkara tun ajin farko. Lise kuma ta haɗa wa ɗalibban ajin ƙarshe dosiyensu kafin jarrabawa, a gano kuskure da sauran lokaci. Ku iyaye, kada ku jira sakamako: a ɗauko takardun yaro a jera, a duba suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya. In akwai saɓani, a nufi kotu tun cikin rani.