Wata biyar ya yi yawa a jira kafin a san saniya na da ciki

A bakin garuruwan Yamai, Maradi da Damagaram kiwon shanun nono ya zama jari, kuma da yawan shanun da kuɗin ƴan ci-rani aka saye su. Sai dai galibi mai saniya ba ya tabbatar da ta ɗauka sai cikin ya fito fili, wata biyar ko shida bayan barbara. Wannan jiran ne ke cinye ribar.

Saniya na ɗaukar ciki kwana 280 da ɗoriya. In ba ta ɗauka ba, tana sake neman sa bayan kwana 21. Duk zagayen da ya wuce ba a lura ba, mako uku ne na dusa da harawa a banza, haihuwa ta ja baya, nono kuma na ta raguwa. Makiyayi kan ce wadda ba ta sake neman sa ba ta ɗauka. Ba kullum ba. Shanu masu tozo irin su Azawak da Bororo neman nasu gajere ne, sau da yawa cikin dare yake wucewa. Da rani kuma saniyar da ta rame na iya daina neman sa gaba ɗaya alhali ba komai a cikinta.

Hanyoyin ganowa ba sabbi ba ne. Likitan dabbobi na gane ciki da hannu ta dubura daga wajen kwana 40, na'urar hoton ciki kuwa tun daga kwana 30.

Hukumomi sun daɗe suna kashe kuɗi kan inganta iri, daga tashar Tukunus har zuwa barbarar zamani. Amma a yi wa saniya barbarar zamani a tafi, ba mai komowa ya duba ta, rabin aiki ne. Kamata ya yi ma'aikatar kiwo ta taimaka wa likitoci masu zaman kansu su mallaki ƙaramar na'urar, su riƙa zagaya garake bisa farashin da ƙaramin makiyayi zai iya biya. Haka ma zai rage sayar wa mahauta saniya mai ɗan ciki bisa zaton juya ce.

Wanda ke Abijan ko Aljeriya yana turo kuɗin dusa kowane wata, ya dace ya tambaya ta waya ranar da aka yi barbara da ranar da likita ya duba.