Karen Da Ya Ƙetaro Iyaka, A Nemi Takardarsa

Saniyar da aka kawo Kasuwar Daji ko Shinkafi, mai saye yakan duba ta har haƙori. Amma karen da ya biyo makiyayi ko mafarauci daga Nijar ta wajen Zurmi, ba mai tambaya. Alhali kuwa shi ne abin tsoro, gama ciwon hauka yakan ɓuya jikin kare wata biyu ko uku, yana wasa da yara lafiya lau. In ya ciji mutum har alamun ciwon suka fito, sai dai haƙuri.

Ido ba ya gane shi da wuri. Ko a Vom, ƙwaƙwalwar mataccen kare ake aunawa. Saboda haka takardar allura ita ce shaida. Amurka ma, tun 2024, karen da aka yi wa allura a Nijeriya sai an auna jininsa, ko a tsare shi kwana 28.

Ya kamata hakimai da malaman dabbobi su tsaya ran kasuwa. Baƙon kare marar takarda a yi masa allura, a ɗaure shi ana lura. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.