Zafin Fitsari Mai Dawowa: Maigida Ma Ya Zo Asibiti

Ya ke mai juna biyu, idan kina jin zafi wajen fitsari, ko wani ruwa yana fita ta gabanki, kin sha magani ya lafa, bayan 'yan makonni ya dawo, kada ki ɗauke shi a matsayin laulayin ciki. Yana iya zama cutar mafitsara, yana kuma iya zama kumburin hanyar fitsari wanda ƙwayoyin gonoriya ko kilamidiya ke haddasawa, wato abin da jama'a ke kira ciwon sanyi. Gwaji ne kaɗai zai bambance su.

Ra'ayinmu shi ne, idan ciwon sanyi ne, yi wa mace magani ita kaɗai aikin baban giwa ne. Ƙwayoyin nan ta hanyar saduwa ake ɗaukar su, ba a masai ba kamar yadda ake yawan faɗa. Maigida na iya ɗauke da su watanni bai ji komai ba, matarsa ta warke ya sake sa mata. Saboda haka shi ma ya zo a duba shi, tare da abokan zamanta idan akwai.

Wani zai ce abin kunya ne, ko zai jawo zargi a gida. To, a auna da abin da ke iya biyo baya: fashewar faya kafin lokaci, haihuwar bakwaini, da ciwon idon jariri. Na gonoriya kan bayyana kwana 2 zuwa 5 bayan haihuwa, kuma yana makantarwa. Shi kansa maigida, kumburin da ya daɗe kan ƙuntata masa hanyar fitsari.

Ki guji sayen kafso a kemis. Tetracycline na ɓata haƙoran yaro tun yana ciki, ba a kuma ba mai ciki doxycycline ko ciprofloxacin don wannan ciwo. Likita na da waɗanda suka dace da ke, kamar allurar ceftriaxone da ƙwayar azithromycin.

Ku sha magani yadda aka ce, ku dakatar da saduwa har kwana 7 bayan kowa ya gama nasa, sannan ki dawo a sake gwaji ranar da aka ba ki. A awo na gaba, ki faɗa wa ungozoma abin da kike ji, sirrinki a rufe yake.

Allah Ya sauke ki lafiya.