Raddi Ga Masu Cewa Wasan Yara Ne

Zuwa ga jama'ar unguwar Television da Kakuri da kewaye. Ku saurara.

Ku sani mutanen Sin ba baƙi ba ne a kudancin Kaduna. Tun 1964 attajirinsu Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kakuri, iyayenku suka yi ƙwadago a cikinta. Kamfaninsu ne ya shimfiɗa dogon Abuja zuwa Rigasa, aka buɗe a 2016. Rediyonsu kuwa tun 1963 yake magana da Hausa. Su sun ji namu, mu ba mu ji nasu ba, sai abin da tafinta ya ga dama ya faɗa. Kaito! Cibiyoyin Confucius na farko ma a jami'o'in Awka da Ikko aka kafa su.

To, ga wata dabara. Jami'ar Monash ta ƙasar Ostareliya ta gina gari a cikin kwamfuta, a dandalin Second Life, ta sa masa suna Tsibirin Sin. Ɗalibi ya shiga da surar mutum, ya je gidan abinci, ya je tasha sayen tikiti, ba a biya masa bukata sai ya nema da Sinanci. Da labari ya iso, waɗansu masu ilimi suka yi ba'a, wai wasan yara ne.

Mu ce musu, ina hujjarku? Abin da ke kashe mai koyon harshe kunya ce. A aji yana tsoron dariya, sai ya kame baki. A can ko ya ɓata sau goma, ya sake, ba mai gani. Alhali Sinanci sai da maimaici, domin muryoyi huɗu gare shi: "mai" da wata murya saye ne, da wata sayarwa ne. Ku duba hasarar ɗan kasuwa in ya musanya su! Bahaushe kuwa bai kamata wannan ya firgita shi ba, shi da ke rarrabe kukan yaro da kukar miya da murya kaɗai.

In suka ce ina wutar, ina kuɗin intanet, lalle wannan magana ce, amma ku kai ta ga hukumar jami'a, ita ke da alhakinta. In suka ce za a kori malami, mu ce sam, malami ne ke tsara garin, shi ke gyara lafazi bayan an fito. Wane ne cikinku zai iya biya wa ɗalibai ɗari kuɗin jirgi zuwa Beijing? Ya fito mu gan shi.

Wassalam.