Baƙon da Madarunfa ke jira yana nan kusa

Da an ambaci yawon buɗe ido a Nijar, hankali Agadas yake tafiya, ko Kure wurin raƙuman dawa, ga Bature rataye da kyamara. Wannan kasuwa ta ja baya. Tun harin 9 ga Agusta 2020 a Kure, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, baƙon Turai ya yi wuyar gani, kuma babu alamar zai dawo nan kusa.

Akwai baƙon da ba mu lissafa ba. Shi ne magidancin Maraɗi da ke neman inda zai kai iyalinsa bayan Salla, da Bakatsinen da zai shigo ta Ɗan Isa, da ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Turabulus da 'ya'yan da ba su taɓa ganin rumbu ba. Shi ba giya yake nema ba. Buƙatarsa wurin alwala da salla, makewayi mai tsabta, masaukin da mata za su saki jiki, da fura mai kyau. Abin da ƙasashe irin su Malesiya da Turkiyya ke kira yawon halal ke nan, suna kuwa cin kuɗinsa.

Mu dubi Madarunfa, a kudu da Maraɗi. Ga tafki da masunta, ga daji, ga kaburburan waliyyai 99 da jama'a ke ziyarta lokacin Maulidi. Tun 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin waɗanda take fatan UNESCO ta amince da su. Mutane na zuwa, amma yawanci yini suke su juya, ƙauye ya tashi da cinikin ƙosai da ruwan leda. Mun san malamai sun saɓa kan ziyarar kabari. Wanda bai yarda ba, tafkin ya ishe shi kallo, kifin ma haka.

A jahar Tawa, masallacin ƙasa na Yama, aikin magini Falke Barmu, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Matasan Yamai nawa ne suka san da shi? Tukwanen Mirya ma ga su nan a bakin Damagaram.

Babbar matsalar ita ce tsaro. Masu garkuwa da mutane sun addabi ƙauyukan iyakar Madarunfa, kuma ba talla da za ta sa uba ya kai 'yarsa inda ake tsoron kwana. Wannan nauyin gwamnati ne.

Sauran aikin na ƙananan hukumomi ne da 'yan ci-rani masu ɗan jari. Ɗakuna huɗu na ƙasa da rijiya da hasken sola sun isa farawa. Sharaɗinmu ɗaya ne: masaukin ya zama na ƙauyen, 'yan jagora 'ya'yan garin, girki a hannun ƙungiyoyin mata, kuma magajin gari ya liƙa farashin shiga a bakin ƙofa, da rasit ga duk wanda ya biya.