TSARA TAKARDA MA ILMI NE

Jama'a, ga wata magana da ta kamata malaman makaranta da akawuna su yi mata tunani, watau batun koya wa ƙananan yara tsara takarda a kwamfuta. Waɗansu sun ɗauka wannan ƙawa ce kurum, ta 'ya'yan masu hali. Mu kuwa muna ganin aiki ne da ya zama wajibi, in dai an bi shi ta hanyar da ta dace.

Da ma tsara shafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Dubi littattafan da malamanmu suka rubuta da hannu: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, ga fili an bari a gefe domin sharhi. Da boko ya zo, aikin ya koma hannun masu ɗab'i. Sa'ad da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, da baƙaƙen dalma a ke jera kowane shafi, ana karanta su a juye, sai wanda ya daɗe a kan sana'ar ke iya fitar da shafi mai kyau. A ofisoshin En'e kuma, kafin a sake fasalin ƙananan hukumomi a 1976, akawu ba ya zama gwani sai ya san inda za shi sa adireshi da kwanan wata da lambar fayil a kan tafireta.

To, a 1985 wani kamfani a Amurka mai suna Aldus ya fito da manhajar PageMaker, wadda ta sa mutum ɗaya ya iya tsara shafi a kan teburinsa. Yau duk mai Microsoft Word, ko LibreOffice da a ke samu kyauta, yana riƙe da kayan aikin da a da sai a maɗaba'a. Amma fa kayan aiki kaɗai suka yaɗu, ilmin bai biyo su ba. Shi ya sa za ka ga takardar neman aiki da irin baƙaƙe biyar, ko sanarwar taro wadda sai ka yi ta laluben ranar da wurin. Mai irin wannan takarda ya kan yi asara tun ba a karanta maganarsa ba.

Me za a koya wa yaro? Abu huɗu sun isa. Na fari, ya tambayi kansa wa zai karanta, kuma mene ne ya kamata idon mai karatu ya fara sauka a kai. Wannan shi za a girmama, a sa shi bisa. Na biyu, ya bar fili a gefuna da tsakanin sakin layi, gama takardar da aka cunkushe kamar ɗakin da ba taga ne. Na uku, ya jera abubuwa su miƙe bisa layi ɗaya, dangi kusa da dangi. Na huɗu, kada ya wuce irin baƙaƙe biyu a shafi ɗaya. Cikin wannan har lissafi ya samu shiga, domin takardar A4 milimita 210 ne faɗinta, tsawonta 297, girman baƙi kuwa lamba 72 ke yin inci ɗaya. Yaron da ya raba shafi gida uku da kansa ya san ma'anar sulusi.

Akwai kuma haƙƙin harshenmu. Tun cikin shekarun 1930 aka tsai da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun Hausa, amma yanzu sai ka ga an bar su wai na'ura ba ta da su. Tana da su mana! Tsarin Unicode ya ƙunshe su, ga kuma irin baƙaƙe na kyauta kamar Andika, wanda aka zana musamman domin masu koyon karatu. Yaron da ya saba barin lanƙwasa zai rubuta baki inda ya nufi baƙi, ko kafa inda ya nufi ƙafa.

Wani zai ce, ina wutar, ina kwamfutar, ga yara da yawa ko karatu ba su iya ba? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma lalle karatu da rubutun hannu su ne gaba. Ba mu ce a kai ɗan aji ɗaya gaban na'ura ba. Amma rabin wannan ilmi ba ya bukatar wuta. Tun daga aji uku a ba yara tsohuwar jarida da almakashi da ƙullun rogo, su yanka kanu da hoto da labari, su jera a farar takarda, su yi gardama a kan wanne ya fi daɗin karantawa. In sun kai aji biyar, kwamfuta ɗaya ta ishe su bi da bi, tun da kowa zai zo da zanensa a hannu. Su yi jadawalin darussa, da takardar gayyatar iyaye, da jaridar bango ta makaranta, a buga, a manna, kowa ya gani.

Tun 2008 aka sa darasin kwamfuta a manhajar makarantun firamare na Nijeriya, tun 2015 kuma a kwamfuta a ke ɗaukar jarrabawar JAMB ta shiga jami'a. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabo da haka muna kira ga kwalejojin horon malamai kada su yaye malami sai ya tsara takardar jarrabawa ta Hausa da hannunsa, lanƙwasa cif. Hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi su fara da kwamfuta ɗaya da na'urar bugawa da faifan hasken rana a babbar makarantar kowace gunduma. Ku kuma akawuna, ku ne kuka gaji wannan sana'a. Ku riƙa leƙa makarantar unguwarku kuna nuna wa yara yadda a ke shirya wasiƙar ofis. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.