Wanda Kotu Ta Gaskata

Yawancin finafinan da aka gina kan masu kisan gilla, makashin suke mayarwa tauraro, har mai kallo ya tashi yana sha'awar wayonsa. Fim ɗin "10 Rillington Place", wanda Richard Fleischer ya shirya a 1971, bai bi wannan hanya ba, shi ya sa nake ganin ya fi takwarorinsa daraja.

Labarin ya faru ne a birnin Landan. John Christie ya kashe mata da dama a gidan hayar da yake zaune, har da matarsa Ethel, ya ɓoye gawarwakin a bayan bangon madafa, da ƙarƙashin daɓen ɗaki, da cikin lambu. A 1949 aka tsinci gawar Beryl Evans da ta jaririyarta Geraldine a gidan. Mijin Beryl, Timothy Evans, direban motar kaya wanda da ƙyar yake iya karatu, shi aka kama. Aka yanke masa hukunci kan kisan jaririyar, aka rataye shi a watan Maris na 1950. Babban mai ba da shaida a kansa kuwa Christie ne. Sai a 1953 wani ɗan haya ya gano gawarwakin madafar, asiri ya tonu, aka rataye Christie a wannan shekarar.

Richard Attenborough, wanda ya fito a matsayin Christie, bai ɗaga murya ba. Magana yake yi ƙasa-ƙasa, cikin ladabi, yana cusa kalmomin likitanci da na shari'a, ga shi kuma ya taɓa aikin ɗan sanda lokacin yaƙin duniya na biyu. John Hurt kuwa ya nuna Evans a matsayin mai cika baki, mai ƙarya irin ta yara, wanda ya canja magana sau da yawa. Da ya zo faɗin gaskiya a gaban alƙali, cewa Christie ne ya yi kisan, ba mai saurarensa. A nan ne tsoron fim ɗin yake, ya fi na gawarwakin. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu tsaya a wurin, domin kotun ta auna lafazin mutum biyu ne, ta gaskata wanda ya fi iya tsara zance. Ludovic Kennedy, wanda daga littafinsa na 1961 aka ɗauko fim ɗin, ya yi jayayya cewa kalmomin takardar amsa laifin da Evans ya sa wa hannu ba irin na bakinsa ba ne.

Amma fa fim ɗin yana da aibi. In ban da Beryl, sauran matan da aka kashe wucewa kawai suke yi, ba mu san su ba, kamar an kawo su ne don su cika lissafi. Wannan rowa ce da bai kamata ba.

A 1965 Birtaniya ta dakatar da hukuncin rataya kan laifin kisa, kuma shari'ar Evans tana cikin abin da ya jawo haka. An yi masa afuwa a 1966, shekara 16 bayan an rataye shi.